Baƙo Raɓa Ne: Ƙwayoyin Nano, Ciwon Daji Da Aikin Ƙoda

Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, ya daina zama cutar da akan ji labarinta daga nesa. Ƙiyasin sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai, mutane kusan 128,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Mutumin Jega ko Aliero ko Maiyama da wannan lalura ta same shi, yakan fara da asibitin gari, a tura shi Birnin Kebbi, daga can kuma sau da yawa sai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Duk wanda ya taɓa rakiyar majiyyaci a wannan hanya ya san dalilin da ya sa jama'a ke kasa kunne ga duk labarin sabon magani.

Ɗaya daga cikin labaran da suka fi yawo a 'yan shekarun nan shi ne na ƙwayoyin nano, watau wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake ƙerawa a ɗakin bincike, a zuba su cikin jini, su je su nemo ƙari su haska shi a hoto, ko su kai masa magani har gida. Akan yi ta bayanin yadda suke shiga jiki da yadda suke samun ƙarin. Ba a cika bayanin yadda suke fita ba. Alhali kuwa wannan tambaya ita ya kamata a fara yi wa kowace ƙwaya kafin a yarda ta kusanci jijiyar mutum: in ta gama aikinta, ta wace ƙofa za ta fita, kuma cikin kwana nawa? Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Ƙwayar da ba ta narkewa kuma ba ta fita ta tashi daga baƙo ta koma ɗan gida, jikin majiyyaci ne kuma zai ɗauki nauyinta iyakar rayuwarsa.

Mece Ce Ƙwayar Nano?

In aka ɗauki milimita ɗaya a jikin rula aka raba shi gida miliyan ɗaya, kashi guda daga ciki shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin nanomita 80,000, jar ƙwayar jini kuwa kimanin 7,000. Ƙwayoyin da ake magana a kansu yawanci suna tsakanin nanomita 1 zuwa 100 ne. Akan yi wasu da zinariya, wasu da azurfa ko ƙarfe, wasu da silika, watau sinadarin da ke cikin yashi, wasu kuma da kitse ko furotin.

Dalilin da ya sa masu binciken ciwon daji suka karkata gare su ya samo asali ne daga Japan. A shekarar 1986 wasu masana biyu, Matsumura da Maeda, suka nuna cewa jijiyoyin jinin da ƙari ke tsirar wa kansa cikin gaggawa ba su da ingancin na sauran jiki. Suna yoyo, kamar rufin da aka yi a gurguje. Saboda haka manyan ƙwayoyin da ba za su iya ratsa lafiyayyar jijiya ba sukan zurara cikin ƙari su taru. A kan wannan tunani aka gina magunguna irin su Doxil, wanda Amurka ta amince da shi a 1995. An ɗauki tsohon maganin ciwon daji mai suna doksorubisin, wanda aka san yana illa ga zuciya, aka ɗure shi cikin 'yan jakunkunan kitse masu girman kusan nanomita 100, sai illarsa ga zuciya ta ragu. A 2005 kuma aka amince da Abraxane, wanda aka yi da furotin, mai girman kimanin nanomita 130.

Sai dai akwai wani lissafi da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. A 2016 wani rukunin masana na Jami'ar Toronto da ke Kanada, ƙarƙashin Warren Chan, suka tattara sakamakon gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suka tarar cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na ƙwayoyin da aka zuba cikin jini ke isa ga ƙari. Watau cikin kowace ƙwaya 1,000, bakwai ne ke kai saƙo. Sauran 993 suna wani wuri a cikin jiki, kuma inda suke da tsawon zamansu a can shi ne ainihin batun lafiya.

Rariyar Da Ke Cikin Ƙoda

Jiki yana da manyan ƙofofi biyu na fitar da baƙon abu daga jini, hanta da ƙoda. Hanta tana da ƙwayoyin halitta masu haɗiye duk abin da ba su yarda da shi ba, haka ma saifa. In abin mai narkewa ne, kamar kitse ko furotin, sai su narkar da shi. In kuwa ƙarfe ne da ba ya narkewa, sai ya zauna a cikinsu watanni, wani lokaci shekaru, domin fita ta hanyar maɗaciya tana da jinkiri ƙwarai.

Ƙoda ita ce ƙofa mai sauri. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya da ake kira nefuron, kowanne yana farawa da wani dunƙulen siraran jijiyoyin jini wanda ke aiki kamar rariya. A kullum ƙodojin baligi mai lafiya suna tace ruwa kimanin lita 180, watau jarka tara mai cin lita 20, su mayar da kusan dukkansa cikin jini, su bar kimanin lita ɗaya da rabi ya fita a matsayin fitsari. Ruwa da gishiri da sukari da dattin jiki suna ratsa wannan rariya. Ƙwayoyin jini ba sa ratsawa. Furotin ɗin jini da ake kira albumin, mai girman kimanin nanomita 7, shi ma kusan ba ya wucewa, shi ya sa in likita ya gan shi da yawa a fitsari yakan san rariyar ta fara lalacewa.

A shekarar 2007 wasu masana na birnin Bostan a Amurka, cikinsu da Hak Soo Choi da John Frangioni da Moungi Bawendi, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2023, suka auna faɗin idon wannan rariya. Suka ƙera ƙwayoyi masu ƙyalli masu girma daban-daban, suka yi wa ɓeraye allurarsu. Waɗanda girmansu bai kai nanomita 5.5 ba suka fita cikin fitsari da sauri. Waɗanda suka fi haka suka maƙale a jiki, musamman a hanta da saifa. Sun kuma gano wani abu mai muhimmanci, cewa girman da aka auna a kwalba ba shi ne girman da ƙoda ke gani ba. In fatar ƙwayar tana jan furotin, da ta shiga jini sai furotin ya lulluɓe ta, ta kumbura ta wuce nanomita 15, ƙofa ta rufe mata. Duk macen da ta taɓa tankaɗe ta san wannan: gari mai laushi yakan wuce rariya, amma in ya ji danshi ya dunƙule sai ya zauna tare da tsaki.

Wannan bincike ya sauya tunanin masu ƙira. A Jami'ar Cornell aka ƙera wasu ƙwayoyin silika masu girman kimanin nanomita 6 zuwa 7, da gangan domin ƙoda ta iya fitar da su, kuma a 2014 aka buga sakamakon gwajinsu na farko a jikin mutane biyar masu sankarar fata, inda hotuna suka nuna suna fita ta fitsari. A birnin Liyon na Faransa ma an ƙera wasu da ake kira AGuIX, waɗanda ba su kai nanomita 6 ba, aka gwada su ga masu ƙari a ƙwaƙwalwa domin su haska shi a hoto, su kuma ƙara wa gashin da ake yi masa ƙarfi. Ashe ke nan ana iya tsara hanyar fita tun daga teburin ƙira, in an so.

Darussa Biyu Daga Tarihi

Masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Daga farkon shekarun 1930 zuwa shekarun 1950, likitoci a Turai da Amurka da Japan sun yi amfani da wani ruwa mai suna Thorotrast domin jijiyoyin jini su fito fes a hoton eksire. Ruwan yana ɗauke da mitsi-mitsin ƙwayoyin wani ƙarfe da ake kira toriyam. Hotunan sun yi kyau, majiyyata kuma kan tashi su tafi gida ba tare da wata damuwa ba. Amma ƙwayoyin ba su fita ba. Sun taru a hanta da saifa da ɓargo suna fitar da haskoki masu lahani, kuma bayan shekara 20 ko 30 sai aka soma ganin ciwon dajin hanta da na jini a tsakanin waɗanda aka yi wa allurar. An je neman cuta a hoto, an dasa wata. Da an tsaya an tambayi hanyar fita tun farko, da wannan bai faru ba.

Darasi na biyu ya fi kusa da zamanin nan, kuma ya fi shafar wannan yanki. Domin hoton na'urar MRI ya fito sosai, akan yi wa majiyyaci allurar wani ƙarfe mai suna gadoliniyam, wanda dafi ne in yana shi kaɗai, saboda haka akan ɗaure shi da wani sinadari kamar yadda ake sa wa raƙumi takunkumi. Wannan allura ba ƙwayar nano ba ce, ta fi ta ƙanƙanta, kuma an tsara ta ne ta fita ta ƙoda. A jikin mai lafiya rabinta kan fita cikin kimanin awa ɗaya da rabi. A jikin wanda ƙodarsa ta gaza kuwa takan wuce kwana guda rabin bai fita ba, har takunkumin ya kwance. Daga 1997 aka soma ganin wata baƙuwar cuta ga masu wankin ƙoda, fata ta yi tauri kamar ƙirgi, gaɓoɓi su sandare. Sai a 2006 wani likita a ƙasar Ostiriya, Thomas Grobner, ya danganta ta da gadoliniyam, kuma a 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta wajabta gargaɗi mai tsanani a jikin maganin. Da asibitoci suka soma auna ƙarfin ƙoda kafin allura, suka kuma koma ga nau'o'in da ɗaurinsu ya fi ƙarfi, sai sababbin kamuwa suka kusan ɓacewa.

Darasi na farko yana cewa a ƙera abin da zai fita. Na biyu yana cewa ko an ƙera shi haka, fitarsa ta rataya ne ga lafiyar ƙodar wanda aka yi wa allurar.

Hujjar Masu Ja

Akwai masana da ke ganin an cika matsa wa batun ƙoda, kuma hujjarsu tana da nauyi. Suna cewa ƙwayar da ta fita cikin awa ɗaya ko biyu ba ta sami sukunin taruwa a ƙari ba, don haka magani yana bukatar ya daɗe yana zagaye cikin jini. Suna ƙarawa da cewa Doxil da Abraxane duk sun fi ƙarfin rariyar ƙoda nesa ba kusa ba, amma sun yi wa dubban majiyyata amfani. Suna kuma tambaya, mutumin da ƙari ke neman ransa cikin wata shida, ina ruwansa da abin da zai faru bayan shekara 20?

Amsar ita ce a rarrabe tsakanin abubuwan da aka cakuɗa. Doxil da Abraxane an yi su ne da kitse da furotin, abubuwan da jiki ya san yadda zai narkar da su. Suna da hanyar fita, sai dai ba ta ƙoda ba ce kai tsaye. Ƙa'idar da ake kira gare ta ita ce ƙwaya ta cika ɗaya daga sharuɗɗa biyu, ko dai ta narke ta zama abin da jiki ke iya sarrafawa, ko kuma ta yi ƙanƙantar da ƙoda za ta fitar da ita. Wadda ta gaza duka biyun, kamar manyan ƙwayoyin zinariya ko azurfa, ita ce abin tsoro.

Sa'an nan akwai bambanci tsakanin magani da hoto. Wanda aka tabbatar yana da ƙari mai tsanani yana iya karɓar kasadar da likita ya yi masa bayaninta, wannan haƙƙinsa ne. Wanda ake ɗaukar hotonsa domin a duba ko yana da cutar kuwa, mai yiwuwa a tarar ƙalau yake. Yana iya zama yaro, ko matashiya mai sauran shekara 50 a gaba. Babu hujjar barin ƙarfe a hantar irin wannan mutum saboda hoto ɗaya. Daɗin daɗawa, nasarar magani ita kanta tana ƙara wa batun nauyi, domin gwargwadon yawan waɗanda ke warkewa, gwargwadon yawan waɗanda za su rayu su ga abin da aka bari a jikinsu.

Ƙodar Manomin Aliero

Kusan duk gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne a ƙasashe masu sanyi, a jikin mutanen da likita ya san tarihin ƙodarsu. Manomin albasa na Aliero yakan wuni a fadama cikin watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, yana zuba gumi, sau da yawa ba ya shan ruwan da ya ishe shi. In ya dawo da ciwon jiki sai ya sayi ƙwayoyin kashe zafi a wurin mai talla, irin su dikulofenak da ibufurofen, waɗanda yawan shansu ke rage jinin da ke isa ƙoda. Wani kuma ya haɗa da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Ga hawan jini da ciwon sukari, manyan masu lalata ƙoda a duniya, waɗanda mutane da yawa ke yawo da su ba su sani ba. Ciwon ƙoda kuwa ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mutum na iya rasa rabin ƙarfin ƙodarsa yana cin kasuwar Jega ƙalau.

Majiyyacin ciwon daji ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin wasu magungunansa, kamar sisfilatin, su kansu suna gajiyar da ƙoda, kuma ciwon dajin bakin mahaifa in ya yi nisa yakan toshe hanyoyin fitsari. Idan ƙoda ta gaza, wankinta sai a manyan asibitocin birane, sau biyu ko uku a mako, da kuɗin da ya fi ƙarfin yawancin iyalai. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar dogon bayani a kan ƙarfen da ke zama a jiki. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na maƙwabciyar jihar Zamfara, waɗanda suka tsira kuma sai da aka daɗe ana ba su maganin da ke kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Kira na farko ga masu bincike ne. A jami'o'in Nijeriya ɗalibai da yawa suna haɗa ƙwayoyin azurfa ta amfani da ruwan ganyen zogale ko dogon yaro, su gwada su a kan ƙwayoyin cuta a cikin faranti, su rubuta cewa an sami magani. Aikin yana da amfani wajen koyo, amma kashe ƙwayar cuta a faranti ba gwaninta ba ce, ruwan bilicin ma yana yi. Irin waɗannan ƙwayoyi yawanci girmansu gomman nanomita ne, sun fi ƙarfin rariyar ƙoda. Ganye ya taimaka wajen haɗawa, amma azurfa tana nan azurfa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa in ta taru a jiki takan rina fata ta koma ruwan toka har abada. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana iya zama jagora a nan, ta hanyar neman kowane bincike irin wannan ya faɗi girman ƙwayar a cikin ruwan jini, ya kuma nuna inda ta tafi a jikin dabbar gwaji, kashi nawa a fitsari, kashi nawa a hanta, bayan kwana ɗaya da bayan wata ɗaya. Kada kuma a yarda wani ya ɗura irin wannan haɗi a kwalba ya kai kasuwa da sunan maganin daji.

Kira na biyu ga hukumomi da asibitoci ne. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ya kamata ta nemi cikakken bayanin hanyar fita, musamman ga masu raunin ƙoda, kafin ta yi wa kowace ƙwayar nano rajista ko ta yarda a gwada ta a jikin 'yan ƙasa. Asibitoci kuma su mayar da awon kiriyatinin a jini da awon furotin a fitsari wajibi kafin duk allurar hoto ko magani da ke dogara ga ƙoda. Awo ne mai sauƙi, ba ya bukatar babbar na'ura, kuma kwalejin kimiyyar lafiya da ke Jega tana iya cusa wannan ɗabi'a ga ma'aikatan da take horarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin waɗannan magunguna su yawaita a asibitocin Arewa ya kamata a saba da awon.

Kira na uku ga malamai da ɗalibai ne. Malamin ilimin halittu yana iya nuna wannan darasi duka da rariya ɗaya, da gero da tsaki da gari, sa'an nan ya yayyafa wa garin ruwa ɗalibai su ga yadda dunƙulewa ke hana wucewa. Ɗalibin da ya ga haka ya fahimci dalilin da ya sa lafiyayyar ƙoda ba ta sakin jini, ya kuma fahimci ƙa'idar nanomita 5.5. Irin wannan ɗalibi, in wata rana ya raka mahaifiyarsa asibiti aka ce za a yi mata allura kafin hoto, zai iya tambaya cikin ladabi ko an auna ƙodarta, da kuma ta ina allurar za ta fita. Likita nagari zai yi murna da tambayar, ya amsa ta.

Ƙwayoyin nano ci gaba ne na gaskiya, kuma majiyyatan Jega da Aliero da Maiyama sun cancanci su amfana da su kamar na ko'ina. Abin da ake nema shi ne a karɓe su da sharaɗi, a san abin da aka yi su da shi, a san ƙofar da za su bi, a kuma tabbatar cewa ƙofar a buɗe take a jikin wanda za a yi wa allura. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu neman ilimi basira.